Idan Masassara Ta Fara Tsinka Jini: Abin da Mai Jinya Zai Duba da Abin da Zai Yi

Aikina ɗibar jini da auna shi a labo, a wani asibiti nan cikin Maradi. Wannan rubutu na yi shi ne domin masu jinya: uwar da ke riƙe da yaro mai masassara, mijin mai jego, ɗan da ya ɗauko tsohonsa daga ƙauye. Akwai wani hali da zazzaɓi kan kai mutum, inda ƙwayoyin cuta suka shiga jini suka zuba dafinsu, jinin ya rikice, ya daskare a inda bai kamata ba, sannan ya ƙi daskarewa a inda ake so. Mutanenmu sun fi gane abin a ƙarshensa, sa'ad da haɓo ya ɓalle ko dasashi ya fara tsiyaya, sai a ce jinin wane ya tsinke. A lokacin kuwa an riga an yi nisa. Alamun da ake ceto da su suna zuwa tun ba a ga ko ɗigon jini ba, kuma ba sa bukatar na'ura. Ido, hannu, agogon waya da kofin gilashi sun isa.

Abin da ke faruwa cikin jijiya

Sai an fahimci wannan kafin sauran bayanin ya zauna, don haka ku yi haƙuri da ni kaɗan.

A labo muna raba bakteriya gida biyu da wani rini da wani likita ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Gram, ya fito da shi a 1884. Wasu suna riƙe rinin su zama shunayya, wasu ba sa riƙewa. Waɗanda ba sa riƙewar, irin su E. coli ta hanji da mafitsara, da Salmonella mai kawo taifod, da Klebsiella, da ƙwayar sanƙarau, suna da wani sinadari a fatarsu ta waje. Bajamushe Richard Pfeiffer, wanda ya yi aiki tare da Robert Koch a Balin, shi ya raɗa masa suna endotoksin a 1892, bayan ya ga ƙwayar kwalara da aka kashe da zafi tana iya kashe dabba duk da haka. Ku riƙe wannan: dafin yana jikin ƙwayar, ko ta mutu yana nan. Tafasa ba ta lalata shi. Masu haɗa magunguna sai sun gasa kwalabe a zafin digiri 250 na minti 30 kafin su rabu da shi. Wanda ya dafa tsohuwar allura a tukunya ya ce ta tsarkaka, bai taɓa wannan dafi ba.

Idan ƙwayoyin sun tsaya a wuri guda, kamar cikin maruru, jiki yana da dabara mai kyau. Fararen ƙwayoyin jini suna jin dafin, sai su fitar da wani sinadari da ke kunna daskarewa. Shi ke tada trombin, trombin kuma ya mai da fibrinojen da ke narke cikin jini ya zama zare, zaren ya kama ƙananan ƙwayoyin da muke ce wa plaket, a yi wa cutar shinge kada ta bazu. Wannan tsaro ne, kuma yana aiki kullum ba mu sani ba.

Matsala tana tasowa ne idan dafin ya bi jini ya zaga ko'ina. Sai kunnawar ta auku a duk jiki lokaci guda. Ƙananan gudaji, waɗanda ido ba ya gani, su toshe siraran jijiyoyin ƙoda, da huhu, da hanta, da ƙwaƙwalwa, da yatsu. Abubuwan da ke taka wa daskarewa birki, antitrombin da furotin C, su ƙare ko su daina aiki. Hanyar da jiki ke narkar da gudaji ita ma ta rufe. Hanta da ɓargo suna ƙera sabbin kaya, amma ci ya fi ƙira sauri. Kamar magini ne da aka kwaɓa wa ƙasa domin liƙe tsagar soro kafin damina, sai ya bi indararo ɗaya bayan ɗaya yana cushe su. Ruwa ya kwanta a kan rufi, ga shi ƙasar ta ƙare, tsagar kuma tana nan. Shi ya sa za ka ga mutum ɗaya, yatsun ƙafarsa sun yi baƙi don jini ba ya kai musu, a lokaci guda kuma gurbin allura a hannunsa yana tsiyaya. Likitocinmu suna rubuta CIVD a takarda idan abin ya kai nan. Shigar cutar cikin jini har ta taɓa sassan jiki irin su ƙoda da huhu kuwa ita ce sefsis ko septisemi.

Ɗayan gidan bakteriyar, masu riƙe rinin, irin stafilokok na ƙuraje da miki, da streptokok da kan kama mahaifa bayan haihuwa, ba su da endotoksin, amma suna da nasu dafin, kuma inda suke kai jini ɗaya ne.

Wani abu da ke ba ni sha'awa: a gaɓar tekun Amurka akwai wata halitta mai shuɗin jini da suke kira kaguwa, ko da yake ta fi kusa da kunama da gizo-gizo. A 1956 wani likita mai suna Frederik Bang ya lura jininta yana daskarewa gaba ɗaya idan bakteriya ta shige ta, daga baya shi da Jack Levin suka gano endotoksin ne sanadi. Daga jinin wannan halitta aka haɗa gwajin da kamfanoni ke yi wa ruwan ƙari da allurai kafin su fito kasuwa. Ledar ruwan da ake rataya wa ɗan'uwanku, idan ta biyo hanyar ƙwarai, an gwada ta don wannan dafi. Ta kan tebur a bakin tasha kuwa, Allah kaɗai ya san inda ta biyo.

Wa ya kamata a fi sa wa ido

Ba kowane zazzaɓi ne zai kai nan ba, akasari ma ba ya kaiwa. Amma wani babban bincike da aka wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum kusan miliyan 49 suka kamu da sefsis a duniya, miliyan 11 suka rasu, wato kusan ɗaya cikin biyar na duk mace-macen duniya a shekarar. Kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne ƴan ƙasa da shekara 5.

A nan wajenmu hanyoyin shigarta sanannu ne. Mai jego da faya ta fashe mata tun jiya ba ta haihu ba sai yau, ko wadda guntun mabiyiya ya saura a mahaifa, ko wadda ta yi ɓari aka bar ta a ɗaki. Jariri da cibiyarsa ta yi ja tana wari. Mai taifod da hanjinsa ya huje, ciki ya kumbura ya yi tauri. Tsoho mai ciwon suga da ƙaya ta soke shi a gona. Dattijon da fitsari ke tsaya masa. Yaro mai sikila, don saifarsa ba ta aiki yadda ya kamata, da yaro mai tamowa, wanda shi jikinsa ma ba lalle ya yi zafi ba. Sai kuma sanƙarau, daga shigowar hunturu har faɗuwar ruwan farko. Ƙwayar sanƙarau ta fi kowace zubar da endotoksin cikin jini, tana iya kai yaro daga wasa zuwa suma a cikin yini ɗaya. Rigakafin MenAfriVac da Nijar ta fara a 2010 ya karya nau'in A, amma a 2015 nau'in C ya kama fiye da mutum 8,000 a ƙasar nan, sama da 500 suka rasu. Don haka kada a ce an yi wa yaro allura tun yana ƙarami, ba zai zama ita ba.

Yadda za ku duba mara lafiya

Ku fara da numfashi, don shi ne ya fi saurin tona asiri kuma shi aka fi mantawa. A kwantar da mutum, a buɗe ƙirji, a sa agogon waya, a ƙirga tashin ƙirji har minti ɗaya cikakke. Babba idan ya kai 22 ko fiye, ga zazzaɓi, abin lura ne. Jariri da bai kai wata 2 ba, 60. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, 40. Yaro yana kuka ba a ƙirgawa, a jira ya yi shiru.

Sannan hankali. Ku kira shi da sunansa, ku tambaye shi wa ke tsaye a kansa. Tsohuwar da jiya ta san jikokinta ɗaya bayan ɗaya, yau tana kiran sunan mijinta da ya rasu, ba tsufa ba ne ya sauko mata cikin dare ɗaya. Yaron da ake tadawa yana komawa barci, ko jaririn da ya saki nono ya yi laƙwas, duk sahu ɗaya ne.

Ku taɓa ƙirji, sannan ku taɓa tafin ƙafa. Idan ƙirji na ƙuna amma hannu da ƙafa sun yi sanyi ƙalau, jini ya fara janyewa daga gefe. Ku danna farce na daƙiƙa 5 har ya yi fari, ku saki. Ja ya kamata ya dawo nan take. Idan ya wuce daƙiƙa 3, ba lafiya. Mace mai lalle a farce, sai a danna cikin leɓe ko tsokar yatsa inda lallen bai kama ba. Kuma jikin da ya yi sanyi gaba ɗaya ba sauƙi ba ne. Jariri sabon haihuwa da zafinsa ya sauka ƙasa da 35.5 yana cikin haɗari daidai da wanda ya kai 38.

Ku tambayi fitsari. Yaushe rabonsa da yi? Babba da ya wuni bai yi ba, ko jaririn da zanen goyonsa ya kwana a bushe, ƙodarsa ce ke neman tsayawa.

Sai fata, kuma a nan zan daɗe, don hotunan da ke yawo a waya duk na farar fata ne, a jikinmu abin ba haka yake fitowa ba. Abin da ake nema ƙananan ɗige-ɗige ne, ja mai duhu ko shunayya, ƙanana ƙwarai da farko. Jini ne ya fita daga jijiya ya kwanta ƙarƙashin fata. A baƙar fata ba za ka gan su a ciki ko a baya ba sai sun girma. A fito da mara lafiya haske, ko a haska fitilar waya, a duba tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido ta ƙasa, cikin leɓe, da ganɗa. A kwance zane a duba cinyoyi da ɗuwawu, da duk inda igiyar wando ko tazuge ya matse. Idan an gan su, a ɗauko kofin shayi na gilashi, fari mai garau, a danna gefensa a kan wurin, a duba ta cikinsa. Ƙurajen zafi da cizon sauro suna dusashewa a ƙarƙashin gilashi. Waɗannan ba sa gushewa, suna nan suna kallonka. Zazzaɓi tare da ɗigon da bai dusashe ba, ko da guda uku ne, a tashi a tafi a wannan sa'a, ko ƙarfe biyun dare ne. Idan da biro kusa, a zagaye wurin da layi, a duba lokaci. Likita zai so ya san ko sun ƙaru a hanya.

Amma kada a zauna jiran ɗigon. Sau da yawa ba ya fitowa sam, ko ya fito a makare. Zazzaɓi ko sanyin jiki, da saurin numfashi, da rikicewar hankali, ko biyu daga ciki, sun isa dalilin tafiya.

Ga mai jego akwai ƙari. Jinin biƙi mai wari, ciwon mara da ke ƙaruwa maimakon raguwa, rawar ɗari bayan kwana biyu ko uku da haihuwa. Ku dubi jinin da ke zuba. Na lafiya yana da gudaji, idan ya taru a kwano yana kamawa. Wanda ya tsinke yana kwarara tsararo, ya daɗe a kwano bai kama ba. Tsumma ko audugar da ta jiƙe sharkaf cikin ƙasa da awa ɗaya, wannan ba jinin da ake jira ya tsaya da kansa ba ne. Na san gidaje da yawa uwar miji ce ke da magana a kan mai jego, kuma za a ce ai ɗanyen jiki ne, a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa. Maigida, a nan kai za ka buɗe baki. Ka ce, "Inna, ki yi haƙuri, bari a kai ta a duba, in ba komai mu dawo a ci gaba da wanka." Ban taɓa ganin ungozomar da ta yi fushi don an kawo mata mai jego ta tarar da lafiya lau ba.

Abin da ba za a yi ba kafin a isa

Kada a ba shi asfirin, ko ibuprofen, ko diklofenak, ko garin maganin ciwon kai na cikin ƴar takarda da ba a san me ke ciki ba. Suna raunana plaket ɗin da suka rage, suna ƙara wa ƙoda nauyi, suna iya fasa jini a tumbi. Idan dole a sauke zafi, parasetamol kawai, gwargwadon nauyin mutum. Saukar zafin kuma ba warkewa ba ce.

Kada a kira mai allurar unguwa ya soka masa a ɗuwawu. Jinin da ba ya daskarewa yana taruwa cikin tsoka ya yi ƙullutu babba. Haka ƙaho, da tsaga, da sakiya, da cire beli. Ina girmama wanzamai, amma duk aska a jikin mai irin wannan zazzaɓi ƙofa ce da ba za ta rufu ba. Yatsun da suka yi baƙi kuma, na ji ana cewa jifa ne ko kambun baka. A yi addu'a a cikin mota, ba a hana ba, amma jijiya ce ta toshe. Kada a gasa su, kada a ɗaure su.

Kafso mai ja da rawaya na masu talla, guda biyu ko uku, ba zai kashe cutar da ta shiga jini ba. Abin da zai yi shi ne ya ɓata mana gwajin da za mu gane ko wace ƙwaya ce. Haka allurar tsayar da jini da wasu ke saya a farmasi da kansu. Tana da amfani ƙwarai a zubar jinin haihuwa idan ungozoma ta ba da ita da wuri, amma ga wanda jijiyoyinsa ke cike da gudaji tana iya ƙara toshewa. Likita ne zai raba wannan.

Abin da za a yi kaɗan ne. Inda ke zuba a danna da tsumma mai tsabta minti 10 ba ɗagawa ana leƙe. Haɓo, a zaunar da mutum ya sunkuyo gaba, a matse tattausan hanci. Wanda hankalinsa ya gushe a kwantar da shi a gefe, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, zai shaƙe. Mai hankali a ba shi ruwa kaɗan-kaɗan. Jariri a sa shi a ƙirjin uwa fata da fata, a lulluɓe. Mai taɓa jini ya sa leda a hannu idan ba safar roba, ya wanke da sabulu, don zazzaɓi da zubar jini ba bakteriya kaɗai ke kawo su ba. Zazzaɓin Lasa yana maƙwabta, na Rift kuma ya ɓulla a jihar Tawa a 2016.

Tafiya da isa

A ɗauki karnen asibiti, da kwalayen duk maganin da ya sha har na gargajiya, da mutum biyu ko uku masu ƙarfi waɗanda za su iya ba da jini. Na ƙauye ya fara da CSI mafi kusa, wato ƙaramin asibitin yanki, majo mai kula da wurin zai iya sa ruwa, ya ba da allurar farko, ya rubuta takardar turawa zuwa asibitin gunduma, Madarunfa ne, ko Gidan Rumji, ko Tasawa, ko Dakwaro, ko kuma kai tsaye Maradi. Wannan allura ta farko kafin a hau hanya tana da daraja, kada a tsallake ta don gaggawar isa birni. Na cikin gari, daga Zariya ko Bagalam ko Ali Ɗan Sofo, ya wuce sashen gaggawa na babban asibiti, mai jego da jariri kuma cibiyar uwa da yaro. Wanda ba ya iya zama da kansa kada a ɗora shi a kabu-kabu, a nemi adaidaita ko mota.

Da isa, kada ku bi layi ku yi shiru don kunya. Ku je wurin ma'aikacin da ke karɓa ku faɗi abu a taƙaice: "Malam, zazzaɓi tun shekaranjiya, yau ba ta gane mutane, numfashinta 30, ba ta yi fitsari ba tun asuba, ga ɗige-ɗige a ƙafa." Wannan ya fi "jikin ne dai ya matsa" sau goma. Idan ɓari ne, ko an yi ƙoƙarin zubar da ciki, a ja ungozoma gefe a gaya mata. Ɓoyewar na iya cin rai.

Ka'idar da likitocin duniya ke bi ita ce, wanda sefsis ta jefa cikin mawuyacin hali a sa masa maganin kashe bakteriya ta jijiya cikin awa ta farko. Sau da yawa seftriyakson ake farawa da shi, tare da ƙarin ruwa don tansiyo ya tashi, da iskar oksijin. Idan an miƙo muku takardar magani, wannan allura ita ce ta farkon saya, kafin lemo da madara. Sannan a nemo gidan cutar a rushe shi: a wanke mahaifa, a fasa mugunya, a ɗinke hanjin da ya huje, a yanke naman da ya mutu. A nan iyalai ke ja da baya, su ce a bari ya ɗan yi ƙarfi kafin tiyata. Ƙarfin ba zai zo ba muddin wurin yana zuba dafi cikin jini.

Za a yi gwajin maleriya, musamman daga Yuli zuwa Oktoba, kuma sau da yawa zai nuna akwai. Maleriya mai tsanani ita ma tana rage plaket, kuma tana iya zama tare da bakteriya a jiki ɗaya, balle ga yara. Idan an fara maganin maleriya amma mara lafiya yana ƙara lalacewa, ku koma ku faɗa.

Abin da muke gani a labo

Tun wajen ɗiba nake fara sani. Na zare allura, na danna auduga, na ce wa mai jinya ya riƙe. Na juya na liƙa suna a kwalba, na waiwayo, sai in ga audugar ta rine, siririn jini yana bin gwiwar hannu yana ɗiga a tabarma. Gurbin allurar jiya ma, wanda ya kamata ya bushe, ya yi shuɗi-shuɗi yana naso. Idan na ga haka ba na jiran na'ura, nakan je in gaya wa likita da bakina.

A takardar NFS, wato gwajin ƙirga ƙwayoyin jini, ku dubi layin plaket. Na lafiya 150,000 zuwa 400,000 ne. Ƙasa da 100,000 ga mai sefsis gargaɗi ne, ƙasa da 50,000 tiyata na da haɗarin zubar jini, ƙasa da 20,000 jini na iya ɓallewa da kansa. Amma lamba ɗaya ba ta ba da labari. Wanda jiya yake da 220,000 yau 130,000 ya fi tada mini hankali a kan wanda ya kwana uku a 90,000 bai motsa ba. Shi ya sa ake sake ɗiba, ba don a ƙarar da jinin ɗan'uwanku ba, kamar yadda wasu ke gunaguni. Abin da muke ɗauka bai kai cokalin shayi biyu ba. TP, wato gwajin ƙarfin daskarewar jini, na lafiya yana tsakanin 70 da 100 bisa ɗari, yana sauka idan kayan daskarewa sun ƙare. Fibrinojen giram 2 zuwa 4 ne a lita, amma mai ciki nata yana hawa sama da haka, don haka mai jego da aka samu da 2 ta riga ta yi asara mai yawa.

Inda babu na'ura akwai gwajin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta koyar domin ɗakin haihuwa. A zuba mililita 2 na jini a busasshiyar ƴar kwalbar gilashi, a dunƙule ta cikin hannu don ta ji ɗumi. Bayan minti 4 a karkata a hankali, sannan kowane minti. Jinin lafiya yana kamawa har a kife kwalbar bai zubo ba. Idan minti 7 ya wuce yana nan ruwa, ko ya yi ɗan gudaji mai laushi da ke wargajewa, daskarewa ta lalace. Sai gilashi, roba ba ta ba da amsar gaskiya. Irinsa ake yi wa wanda kububuwa ta sara, sai dai shi minti 20 ake jira. Aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na gida ba.

Maganar jini

Iyali da sun ji an ce jini ya tsinke, sai hankalinsu duka ya koma kan leda. Ana bukatarta, amma ita cike gurbi take yi, kuma muddin cutar na nan, abin da aka ƙara ma cinye shi za a yi. Turawa sun gwada gajeriyar hanya: a 2001 aka fito da wani magani mai tsada, Xigris, wanda furotin C ne da aka ƙera, a 2011 aka janye shi daga kasuwa don babban gwaji ya nuna ba ya rage mutuwa. Har yau abin da ke gyara jinin shi ne kashe cutar da wuri.

Kuma ledar da ta kwana biyu a firji tana maido da jajayen ƙwayoyi, amma plaket ɗinta da wasu kayan daskarewa sun yi rauni. Plaket da aka ware ana ajiye su ne a digiri 20 zuwa 24, ana girgiza su, kuma kwana 5 suke yi. Shi ya sa wani lokaci likita zai ce yana son plasma, wato ruwan jini da aka ware daga ƙwayoyinsa, ko sabon jini, ku kuma ku ga kamar ana wahalar da ku tsakanin asibiti da cibiyar ƙarin jini. Wanda ya kai shekara 18, nauyinsa ya kai kilo 50, yana da lafiya, zai iya bayarwa. Abin da ake ɗiba bai kai rabin lita ba, ruwan jikinsa yana dawowa cikin kwana ɗaya ko biyu, jajayen ƙwayoyin kuma cikin ƴan makonni. Ya ci abinci kafin ya zo. Kuma a zo da su tun tafiyar farko, don neman ƴan'uwa a waya ƙarfe ukun dare, wannan yana Jiratawa wancan yana Tibiri, shi ke cinye awannin da ba mu da su.

Mai jinya a gefen gado shi ma yana da aiki. Ya riƙa tara fitsari a gora ana gani, ya duba launinsa, ya duba kashi ko ya yi baƙi, ya duba inda aka sa robar ƙarin ruwa ko tana naso. A goge baki da tattausan tsumma, a ajiye asuwaki da buroshi tukuna. Ya duba yatsu safe da yamma, duk canjin launi ya faɗa. Idan an sallame ku, a ƙarasa maganin har ƙwayar ƙarshe, a dawo ranar da aka ce don a sake auna plaket da ƙoda. Kasala da mantuwa kan ɗauki makonni, wani ma watanni, musamman tsofaffi. Zazzaɓi kuwa idan ya dawo cikin wannan lokaci, a komo da takardun sallama a hannu a ranar.